Wutsiyar Rawaya

Mai Gilashi yana tsakiyar yanka gilashin tagar wani kanti wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba sai da ya ƙarasa layin, ya ɗora tafinsa ya karya gilashin ƙas, sannan ya goge hannu a riga ya duba. 'Yarsa ce. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa tun tana goye bai taɓa kiranta da komai ba sai Mamana.

"Baba, Rawaya ce," ta ce, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Wutsiyarta ta yayyage, kuma ta daina cin abinci."

Rawaya kifin ruwan gishiri ce, faɗinta kamar tafin hannu, launinta kamar ƙwaiduwa. Mamana ce ta raɗa mata suna tun tana 'yar firamare, ita ce kuma ta yanke hukuncin cewa mace ce. Tana zaune a babban tankin gilashin da Mai Gilashi ya haɗa da hannunsa a falon gidan da ya yi zaman aure. Gidan gadon matar ne. Da auren ya mutu, shi ne ya tattara tufafinsa da kayan aikinsa ya koma ɗakin da ke bayan shagonsa, inda katifa ɗaya ta cinye rabin wurin. Tankin bai shiga ba, yarinyar ma haka. Ya ce zai dawo ya kwashi abinsa in ya sami wuri. Shekaru suka shuɗe bai samu ba, matar kuma ta yi wani auren.

Ba wani babban abu ne ya raba su ba. Shi mutum ne marar magana, in ya dawo aiki sai ya ja kujera gaban tanki ya zauna har abinci ya huce. Ranar da aka yi wa Umma aiki a asibiti, wato uwar yarinyar, famfon tankin ya tsaya, ya ce bari ya ɗan duba. Da ya isa an riga an fito da ita, ta farfaɗo ta ga kowa ban da shi. Ba ta yi faɗa ba. Daga ranar dai ta daina tambayarsa inda ya tsaya.

Tun rabuwar, a gidan yayarsa yake ganin Mamana jefi-jefi. Ya tambaye ta makaranta, ta ce lafiya lau, shi ke nan zance ya ƙare, ta koma kan wayarta.

"Wa ya ce ki kira ni?" ya tambaye ta.

"Abba ne. Ya ce kai kaɗai ka san kanta."

Shi Baba ne, mijin uwarta kuma Abba. Ya daɗe da sanin haka, amma bai taɓa jin kalmar ta fito daga bakinta ba.

"Ina zuwa bayan la'asar," ya ce.

Ƙofar gidan shi ya sa aka ƙera ta, ya san sai an ɗan ɗaga ta take buɗewa. Ran nan tsayawa ya yi a waje yana sallama kamar mai karatun mita. Mijin Umma ne ya buɗe. Dogo ake ce masa, malamin asibiti ne a ɗakin wankin ciwo da ɗinki, mutum mai sanyin murya da ƙananan idanu. Ya miƙo hannu biyu.

"Yaya, sannu da zuwa. Bismillah, shigo."

Mai Gilashi ya haɗiye wannan Yayan kamar ƙwayar magani ba ruwa. An canja kujerun falon, an canja labule, an yi fenti. Daga ɗakin ciki ƙarar keken ɗinkin Umma ta tsaya, jim kaɗan ta ci gaba. Tankin yana nan inda ya bar shi a kan ƙafarsa ta ƙarfe, gilashinsa tas, ruwansa garau. A hanya ya ƙudurta zai tarar da shi ya yi kore da gansakuka, har ya tanadi abin da zai faɗa.

Rawaya tana rakuɓe a bayan wani dutse. Wutsiyarta ta zama kamar tsumma, fiffiken bayanta ya tsage wuri biyu, gefen tsagewar ya yi fari-fari, gindinsa kuma ja. Tana numfashi da sauri. Yana cikin dubawa wani ƙaramin kifi shuɗi ya fito a guje ya kai mata cizo ya koma.

"Wa ya sa wannan a ciki?"

"Ni ne, Yaya," in ji Dogo. "Yarinyar ce ta ci jarrabawa na rasa abin da zan saya mata. Mai shagon ya ce ba ya faɗa. Laifina ne, ya kamata in tambaye ka tun farko. Ka yi haƙuri."

Duk maganar da Mai Gilashi ya ɗauko daga shago sai ta rasa wurin sauka. Ya tsuguna ya ƙura wa kifin ido.

"Cizon ba shi ne matsalar ba," ya ce da Mamana, ba da Dogo ba. "Kin ga farin nan na gefe? Ciwon ne ya fara ruɓa. In ya tsaya a nan, fiffike zai tofo. In ya ci har gindi, ba ya dawowa."

"To a zuba mata magani mana."

"Ba a nan ba. In aka zuba magani a babban tanki, duk abin da ke raye a jikin duwatsun nan zai mutu, ruwan ya lalace. Sai an ware ta. Zan haɗa mata ƙarami."

"Ɗakin kwanciya ke nan," in ji Dogo yana murmushi. Mamana ta yi dariya. Mai Gilashi bai yi ba.

A shago ya ajiye tagar mai kanti ya yanka gilashi biyar ya haɗa ƙaramin tanki. Maƙwabcinsa Mai Walda, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana riƙe da wuta, ya leƙo.

"Wannan kuma akwatin mene ne?"

"Asibitin kifi."

"Mu da muke ci da barkono, kai kana kai shi asibiti. A ina marar lafiyan yake?"

Ya faɗa masa. Mai Walda ya ɗaga tabaran waldarsa ya dube shi da kyau.

"Wato gidan tsohuwar matarka za ka riƙa zuwa dubiya. To ka tafi da lemo, ba a zuwa hannu rabbana."

Da gam ya bushe ya ɗora tankin a bayan babur, da buhun gishirin teku, da hita, da ƙaramin famfon iska, da guntun bututun roba mai faɗi. Aka ajiye shi a kan wani tebur a lungun falo inda haske bai cika kaiwa ba. Bai zuba yashi ba, don a riƙa ganin ƙazanta a kwashe. Ya ɗebi ruwan babban tankin ya cika shi, ya gwada gishiri da ma'auni, ya gwada ɗumi, ya jefa bututun ya zame mata maɓoya.

Dogo ya kawo 'yar ragar kamun kifi.

"Ajiye wannan," in ji Mai Gilashi. "Raga tana kama fiffike, abin da ya tsage ta ƙarasa shi. Kuma akwai ƙaya a gindin wutsiyarta mai kaifi kamar reza. Kawo roba mai murfi."

Sai da suka fitar da rabin duwatsun. Shi yana korowa da tafinsa a hankali, ana buƙatar wanda zai riƙe robar a cikin ruwa ba motsi. Mamana ta gwada, ta kasa tsayar da robar wuri ɗaya. Dogo ya naɗe hannun riga ya karɓa. Hannunsa ya tsaya cak kamar an dasa shi, har Rawaya ta gaji ta shige da kanta, ya zura murfin ba tare da ruwan ya girgiza ba.

"Abba, ka iya," in ji Mamana.

Shuɗin kuwa washegari Dogo ya mayar wa mai shago.

Daga nan zuwa gidan ya zama aiki. Magani a ruwan gishiri sai da awo, sai da canjin ruwa a kai a kai, sabon ruwan kuma sai an haɗa shi ya kwana famfo na juya shi. Mai Gilashi yakan rufe shago da wuri ya zo. Yawanci Dogo yana wurin aiki, Umma tana ciki da kekenta, sai shi da 'yarsa a falo. Ita ke riƙe tiyo, shi yana riƙe bokiti. Da yake idonsu yana kan ruwa ba kan juna ba, sai magana ta riƙa zuwa da kanta. A nan ya ji cewa ta tsani lissafi, cewa ƙawarta ta kusa ta daina yi mata magana saboda wani littafi da ya ɓata, cewa tana son ta karanci aikin dabbobi. A nan ya gano ta iya kwaikwayon mutane. Ta yi masa muryar shugabar makarantarsu har ya saki bokiti ruwa ya jiƙa dardumar falo.

"Baba, ashe kana dariya," ta ce.

Wani lokaci Umma takan kira ta ciki, ta dawo da shayi a faranti. Sukari kaɗan, ba madara, yadda yake sha. Bai san ko ya ji daɗin an tuna ba ko ya ji haushi.

Da farko ciwon ƙaruwa ya yi. Farin ya ci gaba da cin wutsiyar, Rawaya ta ƙi fitowa daga bututu. Mamana ta yi kuka ta ce a ƙara magani. Ya ce a'a, ƙari kashe ta zai yi, haƙuri za a yi. Ya jiƙa busasshiyar ciyawar teku da ruwan bitamin ya maƙala a jikin gilashi, kullum a cire ta ba a taɓa ba, a sa sabuwa. Wata rana da yamma suna zaune, sai ga Rawaya ta leƙo, ta yi jim, ta zo ta tsinki ciyawar ta koma. Mamana ta damƙe hannunsa. Rabon da ta riƙe hannunsa tun yana tsallaka da ita titi.

Ya yi aski. Ya sayi riga. Mai Walda ya ce, "Kifin nan dai yana da kyau da gani, tun da har turare ake sa masa." Ya je ya ga dillali a kan ciki da falo, wanda zai ɗauki tanki kuma a sami inda yarinya za ta kwana in an yi hutu. Bai faɗa wa kowa ba.

Jan ya dushe, farin ya tafi. Sannan wani siririn abu mai haske kamar ledar rufe abinci ya fara fitowa a gefen wutsiyar. Ya nuna wa Mamana da bakin biro.

"Wannan sabon fiffike ne. Launi daga baya yake zuwa."

A 'yan kwanakin nan ne ya fara zuwa yana tarar an riga an yi aikin. An canja ruwa, an kwashe ƙazanta, an wanke tiyo an rataye. Dogo ne yake yi kafin ya fita. Mai Gilashi ya sa ma'auni ya gwada gishiri, daidai. Ya gwada ɗumi, daidai. Ya duba inda ruwa ya ragu, ya ga an ƙara.

"Da wane ruwa ka cike?" ya tambayi Dogo ranar da suka haɗu.

"Da ruwan daɗi, Yaya. Na ji ka ce mata ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan."

"Haka ne."

Dogo ba ya gajiya da tambaya. Yaya ake gane kifi ya tsorata, yaushe ake wanke soson famfo, me za a yi in wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Yana tambaya da ladabi, ba ya kuma mantawa. Mai Gilashi yana amsawa a gajarce, yana neman abin da zai ƙi mutumin da shi, bai samu ba. Da mugu ne da abin ya zo masa da sauƙi.

Magani ya ƙare. Launi ya sauko cikin sabon fiffiken, Rawaya tana cin abinci kamar ba ita ba, tana kai da kawowa a ɗan tankin da ya yi mata kaɗan. Mamana ta ce, "Baba, yaushe za ta koma gida?"

Ya dubi kifin. Ya san ta warke.

"Da saura," ya ce. "Sai an ƙara lura da ita."

Dogo yana tsaye a wurin. Ya dubi wutsiyar, ya dubi Mai Gilashi, ya ce, "Yadda ka ce, Yaya." Mutumin da yake sallamar masu ciwo kullum ya san warkakken ciwo in ya gani. Mai Gilashi ya gane an gane shi, an kuma rufa masa asiri, wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya ci gaba da zuwa. Rawaya ta fara goga baki a jikin gilashi, launinta ya ɗan dushe don ƙunci. Ya gani ya kau da kai.

Wata rana ya zo ya tarar Mamana ba ta nan, an aike ta. Dogo ma ba ya nan. Ya tsuguna gaban ƙaramin tankin, sai ya ji keken ya tsaya. Umma ta fito da mayafi, tef ɗin awo a wuyanta, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ta ɗan yi ƙiba, furfura ta fara leƙowa a gaban goshinta. Suka gaisa kamar maƙwabtan da ba su saba ba.

"Kifin nan ya warke," ta ce. "Ni da ban san komai a kai ba na gani."

Ya ci gaba da duban tankin.

"Ba korarka nake ba. Magana ce ya kamata a yi maka tun tuni, maigidan ya kasa, yarinyar ma ta kasa, to ni zan faɗa. An canja masa wurin aiki. Za mu tashi ƙarshen wata."

"Zuwa ina?"

Ta faɗi garin. Tafiyar yini guda ce a mota.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun kafin kifin ya ji ciwo."

Sai tambayoyin Dogo suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ashe karatu ake ɗauka a wurinsa.

"'Yata fa?"

"An samar mata makaranta a can."

"Ba a tambaye ni ba."

"Ga shi ana tambayarka. In ka ce a bar ta, ba wanda zai ja da kai, 'yarka ce. Sai ka faɗa mini inda za ta kwana, da wanda zai san ta dawo makaranta ko ba ta dawo ba."

"Ina neman wuri. Na ga dillali."

Ta dube shi, ba da faɗa ba, da wata irin gajiya da ya sani.

"Yanzu?" ta ce. "To Allah ya sa a dace. Amma ka tambaye ta da kanka, kada ka ce ni na kitsa mata."

Ta koma ciki. Keken bai ci gaba ba.

Da Mamana ta dawo ta ga fuskarsa, ta ajiye ledar hannunta a hankali.

"Umma ta faɗa maka."

"Me ya sa ke ba ki faɗa mini ba?"

"Na ga kana jin daɗi," ta ce, kanta a ƙasa. "Na ce bari Rawaya ta warke tukuna."

"In na sami gida mai ɗaki biyu, za ki zauna?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, makarantar can tana da ɗakin gwaje-gwaje. Kuma Umma ba ta jin daɗi kwanan nan, ciki gare ta. Wa zai taya ta?" Ta ɗago. "Zan riƙa kiranka. In an yi hutu zan zo."

Bai san da maganar cikin ba. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya ɗauko robar nan mai murfi.

"Zo ki riƙe," ya ce. "Mu mayar da ita."

Wannan karon ta riƙe robar cak. Rawaya ta faɗa babban tanki ta zagaye shi, ta buɗe fikafikanta gaba ɗaya. Wutsiyar ta cika, sai ɗan wani lanƙwasa a gefen sama da bai miƙe ba. Mamana ta yi ta kallo. Shi kuwa ya kwashe ruwan ƙaramin tankin ya zubar a magudana.

Yayarsa da ta ji labari ta ce ya hana, ai uba ne, kowa zai goya masa baya. Ya ce ya ji. Mai Walda ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarsa, ya sauke tabarau ya koma kan ƙarfensa. Dillali ya kira ya ce an sami wuri, Mai Gilashi ya ce a ba wani.

Ana saura 'yan kwanaki Dogo ya zo shagon da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaffa-kaffa da gilasan da ke jingine.

"Yaya, tankin nan naka ne. In kana so a bar maka, wallahi a bar maka."

"In sa shi a ina? A kaina?"

"To yaya za a ɗauke shi?"

"Ba ya ɗaukuwa. Gam ɗinsa ya tsufa, in mota ta girgiza shi zai buɗe a hanya. Sai an yanka shi an raba gilasan, a can a sake haɗawa."

"Ko za ka bi mu ka haɗa? Akwai ɗakin baƙi."

"Kowane mai gilashi zai iya," ya ce, ya juya ga aikinsa.

Ranar tashi da safe babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yan dako suna fitar da kujeru. Aka zuba kifayen a manyan kuloli da ruwansu, da famfon iska mai batir, Rawaya ita kaɗai a tata. Duwatsun aka sa a bokitai aka rufe da ruwa. Da tankin ya zama fanko, Mai Gilashi ya ɗauko reza ya tsuguna. Ya tuna ranar da ya haɗa shi, Mamana tana rarrafe tana jan ƙafar wandonsa, Umma tana cewa falon zai yi warin gam har wata guda. Gam ɗin ya kama da kyau, aikin mutumin da bai yi niyyar a taɓa rabawa ba. Sai da ya yi ta bin kowace kusurwa yana sake bi. Gilashin gaba ya fita, na baya ya fita, Dogo yana karɓa yana naɗewa da bargo da kwali.

A gefe na ƙarshe rezar ta maƙale. Ya danna da ƙarfi, gilashin ya saki gaba ɗaya, gefensa ya yanke shi a tafin hannu daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu. Jini ya zubo a kan tayil.

Kafin ya miƙe Dogo ya riƙe hannun ya ɗaga sama ya danne. Ya ce da Mamana ta ɗauko masa baƙar jakarsa a gaban mota. Ya zaunar da shi a kan wani kwali, ya wanke ciwon, ya duba.

"Sai an ɗinke, Yaya. Bai taɓa jijiya ba. Ka juya kai in ba ka son gani."

Bai juya ba. Dogo ya yi masa allurar kashe zafi. Ya kalli mutumin yana ɗinke masa hannu, ɗinki ƙanana a jere, ko zafin kirki bai ji ba. Mamana tana riƙe da auduga tana miƙawa tun kafin a tambaye ta, da gani ta saba. Umma ta leƙo daga ɗakin da ya zama fanko ta ce, "Sannu," ta koma.

"Kada ruwa ya taɓa shi," in ji Dogo yana naɗa bandeji. "Ka huta da yankan gilashi har ya kame. In ka ga gefen ya yi ja ko ya fara ruwa, kada ka tsaya jira, ka je a duba."

"Na gode," in ji Mai Gilashi. Dole ya faɗa.

Aka gama lodi rana ta ɗaga. Mamana ta zo ta durƙusa ta yi masa sallama, ya dafa kanta da hannun hagu ya ce ta yi karatu, ta kula da uwarta, kada ta buɗe kula a hanya. Yana da sauran magana, amma direba ya riga ya tayar da mota. Ta shiga baya ta ɗora kular Rawaya a cinya ta rungume.

Umma ce ta ƙarshen fitowa. Ta tsaya da makulli a hannu tana duban titi.

"Ƙanena ya ce zai zo ya karɓa, ga shi har yanzu shiru, direba kuma yana sauri. Ko za ka taimaka ka ba shi? Yanzu zai iso."

Ya karɓa. Motar ta tashi, Dogo ya ɗaga masa hannu ta taga, suka sha kwana.

Ya koma ciki. Falon ya yi girma, ƙarar takalminsa tana dawo masa. Ya sami tsohuwar tsintsiya a bayan ƙofar kicin, ya share guntayen gam da yashin da ya zube da hannu ɗaya, ya goge jinin da tsumma. Ya rufe tagogi, ya kulle ƙofa, ya fito ya zauna a kan dakali. Maganin kashe zafin ya fara sakinsa, hannun yana bugawa. Wata maƙwabciya da ta san shi tun da ta wuce da bokiti, ta gaishe shi, ta tambaya ko shi ne zai dawo gidan. Ya ce a'a, saƙo aka bar masa. Ya kira lambar ƙanen, aka ce a kashe take. Ya gyara zama ya matsa cikin inuwa, ya ci gaba da jira.